Tsurar Ƙarfe a Jikin 'Yan Jiragen Sama na Kwaikwayo

Daga cikin ayyukan hannu da masu sha'awar jiragen sama su ke yi lokacin hutawarsu, akwai haɗa 'yan jirage na kwaikwayo. A kan sayo su cikin kwali, gunduwa-gunduwa na roba, mutum ya manna su da gam, ya goge, ya shafa musu fenti, har su fito tamkar jirgin gaske ne aka ƙanƙantar. Wani kamfani na Ingila mai suna Frog shi ya fara sayar da irinsu na roba cikin 1936, Airfix kuma ya fitar da nasa Spitfire cikin 1953, daga nan abin ya yi ta bazuwa cikin duniya. Waɗanda suka daɗe cikin wannan aiki, in ka tambaye su abin da ya fi ba su wuya, galibi za su ce maka a sa roba ta yi kama da ƙarfen da ba a shafa wa kome ba. Mutum ya kan yi mako uku yana haɗa jirgi, ya ɓata shi cikin kwata guda ran feshi. Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba tare da 'yan'uwanmu, musamman waɗanda su ke da niyyar ajiye irin waɗannan jirage cikin aji don koyarwa, gama yaro abin da ya gani a jikin ɗan jirgin shi zai ɗauka gaskiya ne.

Kafin mu kai ga fenti, ya kamata mu san ƙarfen da za mu kwaikwaya. Alminiyam ne, watau goran ruwa, irin wanda a ke zuba tukwane da shi. Shi kaɗai ba shi da ƙarfin da zai ɗauki jirgi. Cikin 1906 wani Bajamushe, Alfred Wilm, ya gane cewa in an gauraya shi da jan ƙarfe kaɗan, kamar kashi 4 cikin 100, aka gasa, aka tsoma cikin ruwa, aka ajiye shi 'yan kwanaki, sai ya yi tauri da kansa. Amma wannan gami yana da aibu guda, ruwa da gishiri suna cinsa. Cikin 1927 kamfanin Alcoa na Amurka ya fitar da maganin abin: a ɗauki fallen gamin, a lulluɓe shi ciki da baya da tsantsar alminiyam siriri, a matse su su zama falle guda. Suka sa masa suna Alclad. Tsantsar alminiyam in ta haɗu da iska ta kan yi wa kanta wata 'yar fata wadda ido ba ya gani, ita ce ke hana ta lalacewa. Sabo da haka ne jirgi ya ke iya zama cikin ruwa da rana ba fenti.

Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu yawancin jiragen yaƙinta a shafe su ke da fenti mai duhu don ɓad da kama. Wajen ƙarshen 1943 hukumar mayaƙan samansu ta ga fentin nan yana ƙara nauyi, yana kuma cin lokaci a ma'aikata, ga shi kuwa ba su cika tsoron a gan su ba kamar da, sai aka ba da umurni a daina. Tun daga farkon 1944 jirage irin su B-17 da P-47 da P-51 suka riƙa isa Turai farare fat, B-29 kuwa kusan dukansu haka suka fito. Bayan yaƙi al'adar ta zarce ga jirage masu injin jet, har da na fasinja. Kamfanin American Airlines bai bar goge jikin jiragensa ba sai cikin 2013, sa'ad da ya ga sababbin jiragen da zai saya ba da ƙarfe aka yi yawancin jikinsu ba, ba abin da za a goge.

To, a nan ne yawancin masu koyo su ke tuntuɓe tun ba su buɗe gwangwanin fenti ba. Su kan ɗauka duk jirgin da ya yi fari yana walƙiya cikin hoto ƙarfe ne tsura, launinsa kuwa ɗaya daga hanci har wutsiya. Gani ya kori ji. Wanda ya zauna ya ƙura wa hoton jirgin gaske ido zai ga jikin nan fallaye ne masu yawa aka jera aka kafe da ƙusa, kowane falle da irin haskensa. Wani an yanko shi a tsaye daga babban falle, wani a kwance, sabo da haka hasken rana ba ya dawowa daga gare su daidai. Wani gaminsa dabam ne. Na kusa da bututun hayaƙi sau da yawa baƙin ƙarfe ne maras tsatsa, ya fi sauran duhu. Jirgin nan F-100 na Amurka, da wani ƙarfe mai jure zafi da a ke kira taitaniyam aka yi bayansa, wutar inji kuwa ta kan ƙona wurin ya koma ruwan zuma da shuɗi da shunayya, kamar bakin lauje da maƙeri ya fitar daga wuta.

Abin da ya fi wannan ban mamaki, akwai wurare a jikin jiragen da ba ƙarfe ba ne sam a waje, fenti ne ruwan azurfa. Jirgin P-51, wanda a ke kira Mustang, shi ne babban misali. An ƙera fukafukansa yadda iska za ta bi kansu sumul, don haka a ma'aikata a kan cike ramukan ƙusoshi da mahaɗan fallaye na wajen gaban fiffiken, a goge, sa'an nan a fesa wa fiffiken fenti mai garin alminiyam. Watau gangar jikinsa tsurar ƙarfe ce, fukafukansa kuwa fenti ne. Wanda ya sa wa fukafukan Mustang ƙyallin madubi, ya kuma bi su da layukan ƙusoshi, ya yi aiki mai kyaun gani, amma ya yi wa jirgin ƙarya. Haka kuma abin juya jirgi da ke bayan wutsiyarsa, da ƙyalle aka rufe shi. B-17 da DC-3 ma yawancin sassan da ke motsi a fukafukansu da wutsiyoyinsu ƙyalle ne aka ɗame, aka shafe. Mu nan muna da namu misali na kusa. Jiragen nan uku na mayaƙan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, ƙarƙashin Arthur Coningham, irin DH.9A ne, ƙashinsu katako, rufinsu ƙyalle. Farin da a ke gani a jikin irin waɗannan jirage na zamanin garin alminiyam ne cikin man shafe ƙyalle, an sa shi don ya kare ƙyallen daga rana. Mai son kwaikwayon su fenti ruwan azurfa mai ɗan dushewa ya ke bukata, launi guda, ya huta da wahalar da za mu faɗa a gaba.

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi, don shi zai nuna mana dalilin wahalar. Ma'aunin da aka fi yin 'yan jiragen nan da shi su ne 1/72 da 1/48 da 1/32. A ma'aunin 1/72, inci ɗaya a jikin ɗan jirgi yana matsayin ƙafa shida a jikin na gaske. Mustang, wanda faɗin fukafukansa ƙafa 37 ne, zai fito inci shida da ɗan ɗoriya. A ma'aunin 1/48 kuwa inci tara da kwata. To, a ce samfefa ta bar ƙarzuwa a jikin robar wadda faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na inci ba. In ka riɓa ta sau 72, ta zama rami mai faɗin kusan sulusi biyu na inci da ɗoriya a jikin jirgin gaske, wanda ɗan yatsa zai shiga. Fenti mai duhu maras ƙyalli yana rufa wa irin wannan asiri, gama yana watsa haske ko'ina. Mai ƙyallin ƙarfe kuwa tona shi ya ke yi, don hasken ya kan karye a bakin ƙarzuwar ya nuna ta tun daga nesa. Wannan lissafi shi ya ke bayyana abin da ya sa fentin azurfa na kanti, irin na shafa wa ƙyaure, ba ya yi. Garin ƙarfen da ke cikinsa manya ne, a jikin ɗan jirgi sai su fito tsaba-tsaba kamar an barbaɗa yashi. Malamin lissafi da ya rasa misalin da zai koya wa yara riɓawa da shi, ga shi nan a sauƙaƙe.

Don haka kashi uku cikin huɗu na aikin gyaran fatar roba ne, ba a ko taɓa fenti ba tukuna. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne gadon bayan jirgi da cikinsa, inda ɓari biyu na gangar jiki su ke haɗuwa. Gam ɗin da a ke manna irin wannan roba da shi narkar da ita ya ke yi, ya kan kuma daɗe yana bushewa a ciki bayan waje ya yi kamar ya ƙafe. Mai gaggawa ya goge wurin kashegari, ya ga ya yi sumul, ya fesa fenti; bayan mako biyu sai ya ga wani siririn layi ya fito a gadon bayan jirgin, robar ta lotsa. Ba shi da magani sai a kankare a sake. Mu dai shawararmu, a bar mahaɗar ta yi mako guda ko fiye kafin a goge ta, ko kuwa a cike ta da gam mai kamawa nan take, irin na 'yan ƙananan kwalabe, don shi ba ya lotsawa. Sai dai a goge shi cikin sa'a guda ko biyu, gama in ya kwana ya fi robar tauri, samfefa za ta ci gefensa ta bar shi a tsaye kamar kunya.

Gugar kuwa hawa-hawa ce. Lambar da ke bayan samfefa, gwargwadon girmanta gwargwadon laushinta. A fara da 400 ko 600 inda aka cike, a koma 1000, sa'an nan 2000, ana yi ana jiƙa ta da ruwa. Kowace lamba aikinta ta share ƙarzuwar wadda ta gabace ta, don haka tsallake ɗaya ba ya rage aiki. Akwai wasu ƙyallayen guga da su ke kaiwa har 12000, waɗanda in an gama da su robar za ta riƙa ɗaukar ido. In layukan da ke nuna mahaɗan fallaye sun shafe garin guga, a mai da su da tsinin allura, a hankali. Daga nan a fesa fentin share fage siriri, a ɗaga jirgin a karkata shi wajen taga. Duk inda aka ga aibu a koma kansa. Bayan wannan a wanke shi da ruwa da sabulu, kada kuma a sake taɓa shi da hannu tsirara, don maiƙon yatsa yana fitowa ƙarƙashin fentin ƙarfe sarai, kamar wanda ya dangwala hannu a takardar alkali.

Hanyar da aka fi bi yau ita ce ta feshi da 'yar bindigar fenti mai aiki da iska. Akwai fenti da aka yi musamman don wannan, garin ƙarfensu ya yi laushi ƙwarai, ruwansu kuwa tsararo ne. Wanda ya fi suna cikinsu Alclad II, sunan fallen nan na 1927 ya ara. AK da Vallejo da Tamiya su ma suna da nasu. Masu tsananin ƙyalli cikinsu suna bukatar a fara shimfiɗa musu baƙin fenti mai sheƙi. Da jin haka mutum zai yi mamaki, ina baƙi ina fari? Dalilin shi ne, fentin ƙarfen ba rufe baƙin ya ke yi ɗungum ba. Hasken da ya faɗa kan garin ƙarfe yana dawowa ido, wanda ya ratsa tsakaninsu kuwa baƙin ya shanye shi, bai dawo ya dagula na farko ba. Haka a ke samun zurfin nan da ido ya ke ɗauka ƙarfe ne. Sai baƙin ya bushe sarai, kwana biyu ko uku, in kuwa ƙura ta faɗa masa a goge ta da samfefa mafi laushi.

Feshin kansa da iska kaɗan a ke yinsa, awo 12 zuwa 15 a agogon injin iska irin mai ƙidaya da laba, bakin bindigar kuwa kamar inci biyu ko uku daga jikin jirgin. Shafar farko ta zama kamar hazo, har mutum ya ce bai yi kome ba. A dakata kaɗan, a sake. Wajen ta uku ƙarfe zai fito. A nan ne a ke son mutum ya iya kame hannunsa, gama in ya ce bari ya ƙara don ya daɗa kyau, baƙin zai nutse, zurfin ya tafi, a koma fentin azurfa na ƙyaure. Irin wannan fenti tururinsa yana cutar huhu, lalle a yi shi inda iska ke ratsawa, da abin rufe hanci na ƙwarai. Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura ba ta barin baƙin fenti ya bushe lafiya, ga busasshiyar iska tana ƙafar da feshin tun bai isa jikin jirgi ba, ya sauka gari-gari. Da tsakiyar damina kuwa laima ta kan sa shi ya yi fari-fari kamar an huce a madubi. A yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin a fara, a kife jirgin da kwali mai tsabta da zarar an gama.

Bambanta fallaye shi ne abin da ke ba aikin rai. A rufe kewayen falle guda da tef, a fesa masa wani launin ƙarfe da ya ɗan fi duhu, ko a ɗiga baƙi ko shuɗi kaɗan cikin wanda a ke aiki da shi. Amma tef mai kamu da yawa yana ɗago fentin, sai an rage masa ƙarfi ta liƙa shi a ƙyalle mai tsabta sau biyu ko uku. Wasu ma jiƙaƙƙiyar takarda su ke ɗorawa. A nan muna da ra'ayi. Mun fi son bambancin ya zama kaɗan, wanda sai an karkata jirgin za a lura da shi. Wanda ya bi fallaye ɗaya fari ɗaya baƙi ya mai da jirginsa dara. A bi hoto, inda hoto ya nuna bambanci nan kaɗai za a sa shi.

Akwai hanya ta biyu, wadda masu ita su ke cewa ba abin da ya kai ƙarfe kama da ƙarfe. Su liƙa takardar alminiyam su ke yi, falle-falle. Akwai wadda a ke sayarwa da gam a bayanta, Bare-Metal Foil, amma ta naɗe abinci ma tana yi in an sami mafi siranta, watau mafi araha, aka shafa mata gam siriri wanda ke zama da danƙo bayan ya sha iska. A yanko gutsure ya ɗan fi fallen girma, a ɗora, a murza daga tsakiya zuwa gefe da auduga a tsinke, a bi layukan da tsinken sakace, sa'an nan a yanke saura a kan layin da sabuwar reza. Reza in ta ɗan dakushe yage takardar ta ke yi. Takardar nan fuska biyu gare ta, mai sheƙi da maras sheƙi, domin a matsar ƙarshe a ma'aikata biyu-biyu a ke haɗa su, fuskokin da suka haɗu da juna su ne ba su ƙyalli. Ga launi biyu ke nan kyauta. In an shafe ta da lallausar wayar wanke tukunya ta fuska guda, aka liƙa wani falle a tsaye wani a kwance, an sami abin da ke faruwa a jikin jirgin gaske daidai. Mai son falle mai duhu na kusa da inji kuwa, sai ya tafasa takardar tare da ɓawon ƙwai, za ta yi duhu kamar yadda cikin tukunyar goran ruwa ya kan yi in an dafa ƙwai ko kanwa a ciki. Aibun wannan hanya, takarda ba ta son wuri mai lanƙwasa ta fuska biyu, kamar hancin jirgi da gindin fiffike, sai ta tattare. Tana kuma cin lokaci ainun. A ganinmu ta fi dacewa da manyan jirage na 1/48 da 1/32. Mai ƙaramin jirgi na 1/72 feshi ya fiye masa. Wasu kuma su kan goga garin ƙarfe ko man kakin zuma mai garin ƙarfe a kan fenti, yana ƙyalli ƙwarai, amma yana bin hannu har abada.

Saura tambura da lambobi. Waɗanda a ke jiƙawa da ruwa a manna suna da wata fata garai-garai a kewayensu, wadda a kan ƙarfe ta kan fito fili, don haka a yanke ta da almakashi dab da zanen. Kada a manta da fenti mai duhu maras ƙyalli da a ke shafawa a kan hancin jirgi gaban gilashin matuƙi, don kada walƙiyar ƙarfe ta kashe masa ido. Mustang da B-17 duk suna da shi. Masu wannan aiki sun rabu biyu a kan ko za a rufe jirgin da man kariya maras launi bayan an gama. Masu cewa a rufe suna duban tambura da hannun mutane, jirgin da zai zauna cikin aji kuwa lalle zai sha hannu. Masu cewa kada a rufe suna duban ƙyalli, gama kowane irin man kariya yana rage shi, ya sa ƙarfe ya koma kamar fenti. Mu mun fi karkata ga a bar shi haka nan, a sa shi cikin akwatin gilashi, a riƙa ɗaukarsa da safar hannu ta auduga. In tilas ne a rufe, to, a gwada man a kan cokalin roba da aka fesa wa fentin tukuna, a kuma tabbata ba mai jirkicewa da tsufa ba ne. Jirgin nan Spirit of St. Louis da Charles Lindbergh ya ƙetare teku da shi daga New York zuwa Paris cikin 1927, hancinsa farin alminiyam ne da aka yi wa ado da guga zagaye-zagaye. Yau yana gidan ajiyar kayan tarihi na Smithsonian a Washington, hancin kuwa ya koma ruwan zinariya, don man da aka shafa masa a da domin kariya ya tsufa ya canza launi. Mai kwaikwayon jirgin kamar yadda ya sauka Paris, fari zai yi hancin.